Shekarar da Awaki Suka Cinye Ajin Zuwaira

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da ta fito daga bakin Habu ranar babbar salla, kuna zaune tsakar gida kuna cin soye. Cewa ya yi wai da babanku bai hana ba, da ƙanwarsa Zuwaira a Damagaram ta yi karatu, da yanzu sai an cika takarda kafin a gan ta. Kuka yi dariya, ni ma na murmusa, amma maganar ta zauna mini a rai. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin kare kansa. To ku ji daga gare ni: bai hana ba. Ni ce na zaɓa, da hankalina, kuma ga yadda aka yi. Ku yi haƙuri da rubutun, na karatun manya ne, da goyo a bayana na koye shi ƙarƙashin bishiya.

A shekarar Zuwaira tana ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wato firamare, kuma duk garin an san za ta ci jarrabawar sartifika, don kai gare ta tun tana ƙarama. Ba a daɗe ba da gwamnati ta buɗe mana kwaleji a garinmu na kwarin Tarka. Kafin nan, yaron da ya ci jarrabawa sai ya tafi Balbeji ko Tanut ya nemi mai masauki, kuma da yawansu kafin shekara ta zagayo yunwa da kewa sun koro su gida. Sai dai kwalejin tamu, in baƙo ya wuce, ba zai ce kwaleji ba ce. Rumfunan kara ne a bayan kasuwa, dab da burtalin da dabbobi ke bi zuwa rijiya. Allo a rataye jikin dirka, yara a kan tabarmi da buhunhuna. Kowace damina ruwa ya kwantar da rumfunan, sai an yi girbi an samu kara sannan a sake tayar da su a shiga aji. Ƴaƴan manoma ne a ciki, da ƴaƴan Fulani da Buzaye masu tasowa daga rugage da zanguna da ƴar gorar furarsu. Duk mai ɗan hali ba ya kai ɗansa can. Kwalejin kara ake ce mata, kuma ba don yabo ba.

Ana nan sai ƙanena, kawunku Alhaji Mamman, ya kira ni a waya daga Damagaram.

“Yaya, yarinyar nan ba ta ƙauye ba ce. Ki ba ni ita. Akwai lakwal ta kuɗi kusa da gidana, ni zan ɗauki komai, har sabulun wanka.”

Na yi masa godiya ƙwarai, don Mamman ba ya faɗin abin da ba zai yi ba, matarsa kuma mutuniyar kirki ce. Da na gaya wa babanku, yana gyaran ƙotar hauya, bai ko ɗago kai ba.

“Ke kika shiga karatun manya, ke kika san ciki da wajen boko. Ni in gero ne ki tambaye ni. Abin da kika yanke, na sa hannu.”

Kakarku, mahaifiyarsa, tana daga gefe tana tsinar wake, ba wanda ya tambaye ta, ta ce:

“Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma ni tsohuwa ce, ba a jin tawa.”

“Kaka, gatarin namu ai ko ƙota ba shi da ita,” in ji Zuwaira daga ɗaki, don ita tuni ranta ya riga ta zuwa birni.

Ni ba mai saurin yanke magana ba ce, kun sani. Na ce sai na gani da idona. Wata safiya na yafa mayafi na nufi kwalejin kara, na fake da cewa akuyata ce ta ɓata. Na zagaya bayan wata rumfa na zauna a inuwa. Abin da ba a gaya mini ba game da ajin kara, shi ne ba ya ɓoye magana. Wanda ke waje duk yana ji. Darektan ne da kansa a ciki, Mushe Laminu, wato Malam Laminu, wani siriri mutumin Damagaram mai tsohon moto, wato babur. Faransancin ban gane ko ɗaya ba, amma da ya ga yara sun yi tsuru-tsuru sai ya sauko Hausa, ya yi musu lissafin da tiyar gero da buhu, har ni da ke waje na kama. Can na ji ya tsaya.

“Ke A’i, ina ƙanwarki yau? Tana rijiya? Ki gaya wa baffanki, in gobe ban gan ta ba, ni da motona muna nan tafe, kuma ya san ba na ƙin nono.”

Yara suka kwashe da dariya. Ashe ya hango mayafina ta tsakanin kara.

“Inna ta bayan rumfa, in akuyar ba ta samu ba ki shigo ciki, inuwar nan ta fi.”

Kunya ta kama ni, na tashi sumui-sumui na kama hanya. Amma ina tafe ina jujjuya abin: ga mutumin da ya san sunan kowane yaro, ya san na ƙanwarsa, ya san rugar ubansa.

Don kada in zalunci Mamman, na hau motar kasuwa na je Damagaram ma. Ya kai ni ƙofar lakwal ɗin. Gaskiya ta yi kyau: bango dogo da fenti, ƙofar ƙarfe, yara fes-fes cikin kaya iri ɗaya. Na matsa jikin bangon na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙarar motoci. Na ce wa mai gadi ko zan leƙa, ya ce sai an ba ni rana tukuna. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Amma sai na ga kaina: in yarinyar nan ta shiga bayan bangon nan, ko karatu take ko kuka take, ba ni da hanyar sani sai abin da aka gaya mini a waya.

Da na dawo, maƙwabciyata Gambo ta leƙo ta kan danga. Kun san Gambo, ba ta tauna magana.

“Hajara, an ce za ki kai ƴarki birni? To madalla. In mai kan ta tafi, tawa mai kan kabewa me za ta zauna yi? Ai Zuwaira suke bi. In ba ta, ba mai fita.”

Gaskiya ta faɗa. A garinmu ƴan mata ba sa tafiya lakwal ɗai-ɗai, ayari suke yi, wannan ta biya wa wannan, kuma ƙofar gidanmu ce matattararsu. In ayari ya watse, iyaye sai su ce to a zauna gida a yi daka.

Sakamako ya fito da farkon damina, Zuwaira ta ci. Ranar na kira Mamman na ce masa Allah ya saka da alheri, amma a nan za ta yi. Sai ya ce:

“Yaya, zinariya ce za ki binne cikin kara.”

“To Mamman, in zinariya ce ai kara ba ya cin ta.”

Zuwaira kuwa ta yi fushi irin na ƴan shekarunta. Ta ɗauki watanni ba ta yi mini magana sai ta bakin kakarta: “Kaka, ki ce wa Inna gishiri ya ƙare,” ina zaune kusa da ita. Na ƙyale ta. Amma a raina na ɗauki alkawari, tunda ni na hana ta bango mai fenti, to ajin da za ta zauna sai ya fi kowane aji inuwa.

Da aka gama girbi aka kira gayyar tayar da rumfuna. Yadda ake yi, maza su kafa dirkoki, sannan a raba jikin rumfar gida-gida, kowane gida ya kawo karan da zai rufe ɓangarensa. Mutane suka yi ta kawo karan gero busasshe, wasu ma na bara, baƙi ƙirin, har gara ta fara taɓa shi. Na duba na ce a raina, Allah wadai, ƴaƴanmu ne fa za su zauna ciki. Ina da ƴar gamanata, wato gonata ta kaina, ta dawa a cikin kwari, wadda ta yi kyau a shekarar. Na sa aka yanko mini karan, manya-manya, da ganyensu shar, ban bari an zage ko ɗaya ba don inuwa ta yi kauri. Aka ɗaure shi a ɓangarenmu, gefen gabas na ajin ƴan sizyam, wato ajin farko. Kowa ya zo sai ya tsaya ya yaba. Mushe Laminu ya ce bai taɓa ganin bango irinsa ba. Zuwaira ta zaɓi wurin zamanta a jikinsa, kuma ranar ce ta fara yi mini magana kai tsaye. Babanku ya zagaya ya dubi bangon, ya shafa gemu, ya yi wani ɗan murmushi, ya wuce.

Watannin sanyi suka wuce lafiya. Ayarin ƴan mata na taruwa ƙofar gida da safe, da yamma kuma su dawo su baje kayensu a tabarmata, Zuwaira tana yi musu bitar abin da aka koya, tana kwaikwayon muryar Mushe har da tarinsa. Ni ina gefe da tsohon allona na karatun manya ina satar abin da zan iya sata.

Sai bazara ta shigo, irin bazarar Damargu da ko tsinke ba ka gani a ƙasa. Dabbobi suka rame, suna bin burtali suna lasar ƙasa. Kun san karan dawa zaƙi gare shi, ga dabba kamar rake ne. Ni da na girma cikin awaki na fi kowa sanin haka, amma son ƴa ya rufe mini ido, inuwa kawai na hango. Asabar da Lahadi ba kowa a kwaleji. Ranar Litinin yara suka iske ɓangaren gidanmu babu shi, sai dirkoki da igiya. Karan nan na bara da na raina, mai baƙi, mai gara, yana tsaye ƙyam, ko shinshina shi ba a yi ba. Mushe ya ce a zauna a yi karatu haka nan. Ana cikin darasi sai ga akuyata, ja mai farin goshi, wadda duk gari ya san tawa ce, ta shigo ta giɓin ta tsaya kan Zuwaira tana tauna ragowar ganye.

Kafin azahar yarinyar nan ta faɗo gida, ta jefar da jaka.

“Inna, kin ga abin da kika ja mini? Yara sai cewa suke uwata ta kawo bango, akuyarta ta zo ta karɓe kayanta! Rana a kaina tun safe! Ni Damagaram za ni!”

Babanku yana zaune, dariya ta ci ƙarfinsa har hularsa ta faɗi.

“Malam, ashe ka gani tun ranar gayya?”

“Na gani mana. Na ce wannan ba bango ba ne, walima ce. Amma na ga kina murna, ita ma tana murna, na ce bari a sha inuwar kafin masu ita su zo.”

Ni ban yi dariya ba a lokacin. Labari ba ya kwana a gari. Kafin la’asar wani direba ya kai wa Mamman, ya kira ya ce ranar kasuwa yana nan tafe da mota, a haɗa wa yarinya kayanta, ya riga ya yi magana za a karɓe ta ko tsakiyar shekara ne. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Na kuma gaya wa Zuwaira, wannan karon ba zan yanke mata ba, in kawunta ya zo ita za ta ba shi amsa, kuma duk abin da ta ce ba zan riƙe ta da shi ba.

Amma ko za ta tafi ko ba za ta tafi ba, giɓin nan na gidanmu ne, akwai ƴaƴan mutane a cikin rana. A bazara ba mai karan bayarwa. Abin da ya rage shi ne wanda na jibge a kan rumfar gida, abincin awakina har faɗuwar ruwa. Na tsaya na dube shi, na dubi awakin, na ce a sauko da shi. Muka zauna muka zage ganyen tas muka zuba musu, ya zama rabonsu na ƙarshe. Sannan na yi abin da muke yi wa dashen itace in ba ma so dabba ta taɓa shi: na tara kashin awaki na jiƙa a tsohuwar tukunya ya kwana biyu, don akuya ba ta cin abin da ke warin kashinta.

Ranar kasuwa da sassafe muka ɗauki kaya. Na zaci ni da Gambo ne kawai, sai ga ayarin nan duka, har da A’i ta ruga da ƙanwarta sun koro jaki da kayan ƙaya don a kewaye rumfar. Zuwaira ta biyo mu daga baya, fuska a murtuke, ta ce ita kallo kawai ta zo yi. Maza suka ɗaure kara, muka tsoma tsintsiya a tukunya muka shiga yayyafi. Wari ya tashi, ba a magana. Mushe Laminu ya toshe hanci da gefen rigarsa.

“Inna Hajara, kin tabbata awaki kaɗai abin nan ke kora? Kada in wayi gari ba ɗalibi ko ɗaya.”

“Mushe, kwana kaɗan ne rana ta shanye shi.”

“Kwana kaɗan! To yau darasi a gindin aduwa.”

Ƴar Gambo tana yayyafin nata a karkace, rabi a bango rabi a ƙafafun mutane. Zuwaira ta kalla ta kalla, ta kasa daurewa, ta fizge tsintsiyar.

“Ke ba haka ake yi ba, daga ƙasa ake farawa, inda bakinsu ke kaiwa!”

Kafin a jima ta zub da tsintsiyar ma, ta koma shafawa da hannu, tana ba da umarni kamar ita ce darekta. A haka motar Mamman ta tsaya. Ya fito cikin farar shadda, ya yi taku biyu, warin ya tare shi, ya ja baya.

“Alhaji, matso mana a sa maka turaren Damargu,” in ji Gambo.

Bai kula ta ba. Ya dubi rumfar, ya dubi ƙayar, ya dubi ƴar yayarsa da hannuwa baƙi har gwiwa.

“Yaya, wannan shi ne abin da kika zaɓa mata?”

“Shi ne, Mamman. Amma yau ba ni da baki. Ga ta nan, tambaye ta.”

Ban san abin da za ta ce ba, kuma na riga na wanke mata kayanta na ninke. Zuwaira ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi hannuwanta.

“Kawu, da ranar Litinin ka zo, da ko takalmi ban tsaya ɗauka ba. Amma yanzu na shafe bangon nan da hannuna. Ina so in zauna in ga akuyar da za ta ci shi.”

Ƴan mata suka sa guɗa. Mamman ya girgiza kai, ya ce taurin kan gidanmu ne, ya san inda ta gado shi. Ya ƙarasa gida ya gaisa da babanku da Kaka, ya sha ruwa, ya koma da motarsa ba kowa a baya.

Ba zan ce muku abin ya zo kyauta ba. Mamman ya daɗe yana gaishe ni gaisuwar baƙo, sai da aka yi haihuwa a gidansa na je na zauna musu sannan ya sake. Kwalejin kuma ba ta daina zama ta talakawa ba don mun shafa mata kashin awaki. Akwai shekarar da suka yi wata da watanni ba malamin lissafi, shi ya sa Zuwaira ta faɗi birbe, jarrabawar gama kwaleji, a karon farko, ta yi kukan da ni ma sai da na taya ta. A karo na biyu ta ci, ita da ƴar Gambo mai kan kabewa, da A’i. Zuwaira, ungozomar da kuke gani yau a likita, wato asibiti, daga jikin bangon nan ta taso. Ko da ta je Damagaram da ta wuce haka? Mai yiwuwa ne. Allah kaɗai ya san wannan, ni ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba.

Awakin kuwa, a waccan bazarar ba abin da zan ba su, ga ruwa da saura. Kasuwar da ta zagayo na fitar da su, a lokacin da kowa ke sayarwa ba mai saye. Da safen Zuwaira ta ce ita za ta ja mini igiyar jar nan mai farin goshi, tunda hanyarmu ɗaya. Tana tafe tana yi mata faɗa, wai ta je can ta ci bangon wasu. Da muka kai mararraba, ta shafa mata goshi, na ga idonta ya kawo ruwa, don a hannunta akuyar ta girma. Sai aka buga ƙarfen shiga aji. Ta danƙa mini igiyar, ta gyara jakarta, ta ruga ta cim ma ayarinsu, ba ta ko waiwayo ba.